Yadda Ciwon Suga Ya Ci Ƙafar Innarmu

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana nan da ranta a ƙauyenmu da ke yankin Zoza a ƙasar Rogo, amma ƙafarta ta hagu babu ita daga ƙasan gwiwa. Duk wanda ya je gaishe ta sai ya ja ni gefe ya tambayi yadda aka yi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin zaure, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, ko Allah zai sa wani ya duba tsohuwarsa tun da sauran lokaci.

Sunana Rabi, ni ce autarta. Ina aure a Karaye, ina ɗinki a cikin gida. Inna kuwa tana zaune a gidan babban wanmu, Yaya Garba, wanda shi ne mai unguwarmu, tare da matarsa Sa'ade. Tun muna yara sana'ar Inna ita ce matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, kuma ba mu taɓa ganin ta kwanta ciwo ya wuce zazzaɓin damina ba.

Abin ya soma ne a hankali, har ba wanda zai iya cewa ga ranar. Ta riƙa shan ruwa kamar ba ta taɓa sha ba, moɗa biyu a tsaye, ta juya ta sake komawa randa. Fitsari ya dame ta. Tana cin tuwo sosai, amma zanenta sai ƙara zagaye ta yake yi. In tana tsintar gyaɗa sai ta ce idonta yana yi mata hazo. Sa'ade ta taɓa gaya mini cewa tururuwa na taruwa a inda Inna ta yi fitsari, muka yi dariya muka wuce. Kowa yana da bayaninsa: wasu suka ce zafin murhu ne, wasu suka ce basir, wasu suka ce ai tsufa ne ya zo. Mai kemis ɗin da ke bakin kasuwa, duk sanda aka kai ta, sai ya ce taifot ne da maleriya, ya ɗaura mata ƙarin ruwa. Masu zuwa dubiya kuma su zo da lemon kwalba da zuma, wai ta samu ƙarfi. Daga baya ta fara cewa tafin ƙafarta yana yi mata kamar ana tsira allura, sai kuma wannan ya daina, ta ce yanzu ji take kamar ta sa safa mai kauri. Muka ɗauka sauƙi ne ya samu.

Bayan an cire gyaɗa, wata safiya tana suya a tsakar gida, tana ta ba Sa'ade labarin wani biki, sai Sa'ade ta ji ƙaurin da ba na gyaɗa ba. Ta duba ƙasa ta ga Inna tsaye a kan garwashi, ba takalmi, tana ci gaba da maganarta. Sai da ta ture ta sannan Inna ta duba. Ba ta ji komai ba.

A makon farko ƙunar ba ta fi kwabo girma ba, a ƙasan babban yatsa. Aka shafa man kaɗanya, aka fasa ƙwayar kafso aka barbaɗa garin a kai, aka ɗaure da tsumma. Da na je ranar kasuwa na same ta tana aikinta, tana ɗingishi kaɗan saboda ɗaurin. Na ce mu je a duba, ta ce, "Auta, abin da ba ya ciwo me za a duba a cikinsa?" Rashin ciwon nan shi ya yaudare mu duka.

Mako na biyu ƙafar ta kumbura har idon sawu, ta soma wari. Sa'ade ta kira ni a waya, na hau mota na je, muka ɗora Inna a babur zuwa ƙaramin asibitin da ya fi kusa da ƙauyenmu. Ma'aikaciya ɗaya muka tarar, yarinya ce matashiya, ita ke awon masu ciki, ita ke rigakafin yara, ita ke ba da magani, ga mata cike da benci har ƙasa. Da layi ya zo kanmu ta kwance tsumman, ta daɗe tana kallon ciwon. Ta tambayi Inna ko tana yawan jin ƙishirwa, ko tana yawan fitsari. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya. Ta ɗauko wata 'yar na'ura daga aljihun tebur ta nuna mini, ta ce da wannan ake gwada suga, amma tsinken da ake ɗiga jinin a kai ya ƙare tun tuni, ba a kawo wani ba. Ta wanke ciwon da kyau, ta naɗe da bandeji, ta ce kada mu kwana ba mu kai ta babban asibiti ba. Har yau ina yi wa yarinyar nan addu'a. Ta faɗi gaskiya, abin aiki ne ba ta da shi.

Ba mu tafi ba. Yaya Garba ya ce a bari ya kai gyaɗa kasuwa tukuna, don hannunsa babu komai. Kafin ranar kasuwar ta zagayo, labari ya kai wa Kawu Isiya, yayan Inna, wanda ke zaune a Yola ta nan ƙasar Karaye. Ya zo da kansa, ya duba ƙafar, ya ce wannan daji ne, shi kuwa daji ba ya son allura, ranar da ƙarfe ya taɓa shi ranar zai bazu. Ya kawo misalin mutane da dama da ya ce an kai su asibiti ba su dawo ba. Washegari ya dawo da wani mai magani, aka kwance bandejin, aka kirɓa saiwoyi aka lafta, aka riƙa turara ƙafar da hayaƙi safe da yamma. Kawu ba mugun mutum ba ne, shi ya riƙe Inna bayan rasuwar iyayensu, kuma akuyarsa ya sayar ya biya mai maganin. Inna ba za ta iya musa masa ba, Yaya Garba ba zai iya ɗaga murya a gabansa ba, ni kuma da na yi magana aka ce auta ce, ta zauna birni ta koyo raina na gida.

Na koma Karaye raina a jagule. Ko keken ɗinkin ban iya hawa ba.

A mako na uku Sa'ade ta sake kira, tana kuka. Yatsu biyu sun yi baƙi, zazzaɓi ya rufe Inna, tana kiran sunan mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa. Maigidana bai tsaya shawara da kowa ba, ya nemo mota muka je. Warin ya tare mu tun daga ƙofar ɗaki. Muka ɗauko ta a tabarma, Kawu yana zaure, bai hana ba.

A babban asibitin da muka kai ta mun isa da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Ba wai ba ya aiki ba ne, shi kaɗai ne, mutane kuwa kamar ranar kasuwa: yara masu suma saboda zazzaɓi, mai naƙuda da aka kawo a bayan a-kori-kura, wani da babur ya kayar. Na yanki kati, na bi layin gwaji, na bi layin biya, na dawo na tarar an wuce sunanmu. Da aka ɗiga jinin Inna a na'urar, nas ɗin ta kalli abin, ta kira 'yar'uwarta ita ma ta kalla, nan take suka shigar da mu gaba da kowa.

Likitan ya danna ƙafar da yatsa daga sama zuwa ƙasa, yana tambayar Inna ko ta ji. Sai da ya kusa gwiwa ta ce ta ji. Maganar da ya faɗa ta zauna mini har yau. Ya ce, "Ba ƙunar ce ciwon ba. Ciwon ya yi shekaru a jikinta yana cin jijiyoyi, ƙunar ƙofa kawai ta buɗe. Da an gwada jininta tun lokacin da ta fara yawan shan ruwa, da ƙwaya kaɗai za ta riƙa sha."

Aka ba mu gado. Aka soma yi mata allurar suga da ta kashe ƙwayoyin cuta, ana wanke ciwon kullum. A nan na gane cewa jinya a asibiti sayayya ce daga safe har yamma. Auduga, safar hannu, ruwan wanke ciwo, sirinji, komai sai an rubuto ka fita waje ka sayo. Yaya Garba ya sayar da gyaɗar da ya yi niyyar sayarwa, ya sayar da wadda aka ajiye don ci, ya kai ga ta iri. Hankalin Inna ya dawo, ta gane mu, ta nemi a ba ta ruwan alwala. Muka fara murna. Amma baƙin bai tsaya ba, kowace safiya in an kwance bandeji sai mu ga ya ɗan ƙara hawa. Bayan kamar mako guda likitan ya ce abin ya fi ƙarfin nan, sai Kano, inda ake da masu tiyata.

Ban taɓa jinya a Kano ba sai wannan karon. Mun yi kwanaki a ɗakin taimakon gaggawa kafin gado ya samu, ni ina shimfiɗa a baranda tare da sauran masu jinya, kowa da buhun kayansa da risho. Daga baya aka mai da mu ɗakin mata. Ina tsammanin abin da ya same mu wani abu ne da ba a saba gani ba, sai ga mata a jere, kusan kowace da ƙafa a naɗe. Wata daga wajen Gwarzo ƙaya ce ta soke ta a gona. Wata sabon takalmi ne ya ci mata dunduniya. Wata ɓera ne ya gutsure ta tana barci ba ta ji ba. In muka zauna da masu jinyarsu muna hira, labarin kusan iri ɗaya ne: an yi ta shan maganin taifot, an yi ta jiƙe-jiƙe, ba wadda aka taɓa gwada wa suga sai da ƙafa ta lalace.

Babban likitan ya zo zagaye da ɗalibansa, ya duba, ya nemi ganin mazan gidan. Ya ce naman ya mutu, jini ba ya zuwa wurin, in aka bar shi gubar za ta shiga jiki. A yanzu za a iya yankewa a ƙasan gwiwa, in aka jinkirta sai a sama, in aka ƙara jinkirtawa ba ƙafar za a yi magana a kai ba.

Nan aka shiga mako mafi muni a jinyar. Kawu Isiya ya biyo mu Kano, ya ce shi bai yarda ba, ai dama ya faɗa, ga shi allura ta sa dajin ya bazu. Ya ce ƙanwarsa ba za ta koma ga Ubangijinta da guntun jiki ba, a mai da ita gida, in kwana ya ƙare ya ƙare. Wasu dangi suka goyi bayansa ta waya. Wata gwaggonmu ta aiko cewa akwai wani mai magani a wajen Zariya da ya taɓa warkar da irin wannan. Yaya Garba, wanda shi ake jira ya sa hannu, ya zama kamar kurma. Mutumin da ke raba rigimar gona tsakanin manya, sai ga shi zaune a gindin bishiyar asibiti ya haɗa kai da gwiwa. In na je masa da magana sai ya ce, "Rabi, in na sa hannu ta mutu a ɗakin tiyata, me zan ce wa mutane? In na ƙi ta mutu a gida, me zan ce wa Allah?"

Duk wannan ana yi ne a waje, ba wanda ya tambayi mai ƙafar. Ashe tana sane da komai, matan gadajen kusa sun gaya mata. Wata rana da azahar, lokacin shigar masu dubiya, Kawu yana tsaye a kanta yana yi mata sannu, Yaya Garba yana bayansa, sai ta ce a tashe ta zaune. Na tallafe ta. Ba ta taɓa kallon Kawu ido cikin ido ba a gabana sai ranar.

Ta ce, "Yaya, ka kawo maganinka na karɓa, ban musa maka ba, Allah ya saka maka da alheri. Amma ƙafar nan ni nake kwana da warinta. Wanda ya ba ni ita ya san inda za ta, ba zai tambaye ni ita ba. Ka bar ni in ga auren jikokina." Sannan ta juya wajena, don ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Ta ce, "Auta, ki ce wa mai unguwa ya sa hannu."

Kawu ya fita. Na tarar da shi daga baya a bakin famfo yana wanke fuska, ya daɗe yana wankewa.

Sai kuma maganar jini. Aka ce a kawo masu bayarwa kafin a shiga da ita. Dangin da suka cika waya da shawara duk suka janye jiki, wannan ya ce ba shi da isasshe, wancan ya ce an ce in an ɗiba ba ya dawowa. Maigidana ya bayar. Da aka gwada Yaya Garba aka ce jininsa ya hau sosai, ba za a ɗiba ba, shi ma ya je ya ga likita. Ragowar wani bawan Allah ne ya cike, mutumin da ke jinyar matarsa a gadon da ke kallon namu, wanda ban san shi ba sai a baranda. Ya ji ina kuka, ya tambaya, ya tashi ya bi ni ɗakin ɗibar jini. Matarsa ta rasu kafin a sallame mu. Allah ya ji ƙanta, ya saka masa.

An yi aikin lafiya. Aka miƙo wa Yaya Garba ƙafar a naɗe, ya sayi farin ƙyalle ya ƙara naɗewa, ya tafi maƙabarta shi da maigidana suka binne ta. Da ya dawo ya zauna a gefen gadon Inna, tana barcin allura, ya riƙe gefen zanenta har aka kori masu dubiya.

Mun ƙara makonni kafin a sallame mu. Akwai nas ɗin da ta yi mini tsawa a gaban mutane don na tambaye ta abu sau biyu, akwai kuma wadda ta zauna ta koya mini yadda ake zuƙo allurar suga da yadda ake tsira ta a cinya, ta sa na yi ta gwadawa a jikin lemon tsami har na iya. Inna takan ce in sosa mata babban yatsan da babu shi, in na tsaya ina kallon ta sai ta yi dariya, ta ce ita ma ta san babu, amma ƙaiƙayin bai sani ba. Aka ba mu bayanin abinci: a rage tuwo, a bar koko da sukari, a yawaita ganye da wake da kifi. Na saurara ina tunanin rumbun Yaya Garba, wanda dawa da gero ne kawai a ciki, su ma an taɓa su.

Komawa gida ba ƙarshen wahala ba ce. Allurar tana son sanyi, mu kuwa ba wuta balle firij, sai Sa'ade ta haƙa rami a cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa take ajiye kwalbar. In ta ƙare sai an je Kano ko an yi saƙo, wani watan a samu, wani watan a yi kwanaki babu, mu zuba wa Inna ido muna addu'a. Yaya Garba yana shan maganin hawan jini in ya samu, in bai samu ba ya ce ai yau ba ya jin komai. Bara bai noma gyaɗa ba don babu iri. Ya taɓa ce mini shekara da shekaru shi ke bin gida-gida yana shelar rigakafin yara da rabon gidan sauro, kuma abin ya yi amfani, amma ba a taɓa turo masa wani ya ce a tara manya a gwada jininsu ba. Ya kai maganar gaban dagaci, dagaci ya ce zai kai gaba. Muna jira.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da mutanen ƙauye suka ɗauka daga labarinmu. Ba su ce Inna ta tsira da ranta ba. Cewa suka yi an kai ta asibiti da ƙafa biyu an dawo da ita da ɗaya.

Akwai maƙwabciyarmu, Ladidi, ƙawar Inna tun suna amare. Wata ziyara da na kai na same ta a wurin Inna, ta rame, cikin ɗan zaman da muka yi ta tashi zuwa randa ya fi a ƙirga. Inna ta tambaye ta ƙafafunta, ta ce ba komai, sai dai suna yi mata kamar ba nata ba. Na ce ta zo mu je a gwada ta. Ta kama haɓa ta ce ita da asibiti sai dai a kai gawarta, ba ga abin da suka yi wa ƙawarta ba. Inna ta janye zanen da take rufe dungulmin da shi, wanda ko jikokinta ba ta bari su gani, ta bar shi a buɗe a gaban Ladidi.

Ta ce, "Kalle shi da kyau. Wannan ba a Kano aka yi shi ba, a ɗakin can aka yi shi, ina kwance ana yi mini hayaƙi."

Da ƙyar Ladidi ta yarda. Washegari muka je ƙaramin asibitin, muka bi layi, muka tarar da yarinyar nan dai ita kaɗai. Ta gane ni, ta tambayi jikin Inna, sannan ta sunkuyar da kai ta ce tsinken gwajin har yanzu ba a kawo ba. Ladidi ta gyara mayafinta, har da 'yar fara'arta, ta ce to kin gani, Allah bai nufa ba. Muka dawo gida.

Na gaya wa Inna yadda aka yi, ina cewa sai wani zuwan in Allah ya kai mu. Ta jawo sandunanta ta miƙe, abin da ba ta yi sai in za ta kewaya, ta nufi ƙofar gida tana dogarawa. Na ce ina za ta. Ta ce gidan Ladidi, za ta zauna mata a tsakar gida, ba za ta tashi ba sai ta ga ta shiga motar Karaye tare da ni.

Ta zauna ɗin kuwa, tun hantsi har rana ta take, ta ƙi shan ko ruwan gidan. Da azahar Ladidi ta fito da ɗan ƙullin kayanta tana share hawaye, tana cewa Inna ta cika taurin kai tun suna yara. A Karaye aka ɗiga jininta, aka same shi ya hau kusan yadda na Inna ya hau. An ɗora ta a kan ƙwayoyi. Ranar da nake rubuta wannan tana da ƙafafunta biyu, kuma maganin da ke hannunta zai ƙare a ƙarshen watan nan.